Kabarin da Bai Lotsa Ba

Shafi na 19

Masu ƙorafin na bar Arlis da baki buɗe a tsakiyar waƙa, to ga shi ya rufe bakin. Abin da ya biyo baya kuwa, ni kaina har yanzu ban san wa zan ɗora wa laifi ba.

*

Arlis Honaker ya sauke baitin ƙarshe a hankali, irin yadda yake yi a Nashville, birnin mawaƙa, idan yana so mata su lalubi hankici.

"Dutse ya faɗo, ubana ya tare,
Ƙasa ta danne shi, bai sunkuya ba.
Kowane kabari ya lotsa a tudun nan,
Na Hobert Honaker bai lotsa ba,
Ko sau ɗaya ban zuba masa ƙasa ba."

Ya buɗe ido.

Babu wanda ya ce amin.

A tudun nan ko tsohuwa ce ta ja waƙa da muryar da ta tsage, sai an sami mai cewa amin. Amma yau dangi da maƙwabta, duk waɗanda suka hau maƙabartar Honaker don ranar gyaran kaburbura, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Tun safe maza suka kankare ciyawa suka cike kaburburan da suka lotsa da jar ƙasa, mata suka kafa furannin takarda. An yi wa'azi, an jera soyayyar kaza da burodin masara a kan dogon tebur. Sannan aka ce ɗan Ozella da ya zama wani abu a rediyo ya yi wa mamata waƙa ɗaya.

Ga shi ya yi.

Mutum ɗaya ne ya tafa, Rex Pruitt, manajansa da ya rako shi daga birni. Ya tafa, ya tafa, ya ga shi kaɗai ne, sai ya mayar da hannayensa aljihu.

Arlis ya dubi mahaifiyarsa. Saboda ita ya ɓoye waƙar nan wata da watanni, yana so ta fara jin ta a gefen kabarin mijinta. Ozella ta ajiye farantin da ke hannunta a kan benci, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya da gefen riga, ta miƙe ta bi hanyar marmaro. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Me ya yi?

Jitarsa tana mota. Ya san cocinsu ba ya yarda da tsirkiya a wurin ibada, da murya zalla ya rera. Ya cire hula. Ko rigar ce? Ko don ya ambaci sunan mamaci a waƙar duniya?

Wani hannu mai kaushi ya damƙi gwiwar hannunsa.

"Zo ka taya ni ɗebo ruwa."

Kawu Delmer ne, yayan mahaifiyarsa, mutumin da ya riƙe shi tun yana ɗan shekara huɗu.

"Kawu, ai ga ruwa nan cike da tulu."

"Na ce zo ka taya ni ɗebo ruwa. Ko shahara ta toshe maka kunne?"

*

A bakin marmaro suka tarar da Ozella zaune a kan dutse, ta juya musu baya.

Delmer ya saki hannunsa, ya cire hularsa ya buga ta a cinya.

"Wa ya ji waƙar nan ban da mu?"

"Kawu, wai me na yi ne?"

"Ni na fara tambaya."

"Masu kiɗan da muka ɗauke ta tare. Da mutanen kamfani. Sati mai zuwa za a raba faifan ga gidajen rediyo, ranar Asabar kuma in rera ta a babban dandali. Mama, dandalin nan da muke ji a rediyon batir ina ƙarami, kina ɓarar wake ina bin mawaƙan da baki. Sun kira ni, Mama. Ni."

Ozella ba ta juyo ba.

"Ba za ka rera ta ba," in ji Delmer.

Arlis ya yi 'yar dariya, yana jiran a taya shi. Ba a taya shi ba.

"Idan baitin tsakiya ne, inda na ce Baba yana ɗan kurɓawa ranar Asabar, zan cire."

"Bar masa kurɓarsa. Kowa ya san yana sha. Na ƙarshen za ka cire."

"Na ƙarshen? Ai shi ne waƙar! Rex ya ce baitin nan kaɗai ya isa ya..."

"Rex! Mutumin da ya hau tudu da farin takalmi? Shi Rex ya taɓa binne kowa da hannunsa?"

"Ban gane ba."

"Na ga alama." Delmer ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Kai ɗan tudun nan ne ko baƙo? Tun kana jan wando kake ɗauko mana ƙasa a bokiti duk ranar gyara. Faɗa min, me ke sa kabari ya lotsa?"

"Akwati ne. Idan katakon ya ruɓe sai ƙasa ta bi shi ciki."

"Madalla, ashe da saura. Na kakarka ya lotsa?"

"Ya lotsa."

"Na jaririn gwaggonka Verna, ɗan akwatin da bai fi na takalmi ba?"

"Ya lotsa."

"To kabarin da ya shekara ashirin da ɗoriya bai lotsa ba ko sau ɗaya, me ke cikinsa?"

Arlis ya kawar da kai zuwa marmaro.

Ruwa na ta zuba a kan duwatsu. Ya tsaya yana kallonsa kamar amsar za ta fito daga nan.

"Kai ka gaya min," ya ce a hankali. "Ina ƙarami na tambaye ka me ya sa ba ma zuba wa Baba ƙasa. Ka ce ubana ƙaƙƙarfa ne, ko a kwance shi ke riƙe da tudun. Kai ka faɗa, Kawu. Maganarka ce na sa a waƙa."

"To me zan ce wa yaro mai majina? Na faɗa ne don ka yi shiru, ba don ka je ka shelanta wa Amurka ba!"

"Ka rage murya, Delmer," in ji Ozella.

Sai yanzu ta juyo. Idonta a bushe yake, shi ne ma ya fi ba Arlis tsoro.

"Ba a haƙa ba," ta ce. "Ƙasa muka tara a sama, muka kafa dutse. Babu kowa a ciki."

"Ba a samo gawarsa ba ke nan? Yana can cikin ramin kwal?"

"A'a."

"To an binne shi wani wuri?"

"A'a, Arlis."

"Mama, idan ba ya nan, ba ya can, to ina aka..."

Bai ƙarasa ba. Ya zauna a cikin jiƙaƙƙen ganye da wandonsa na birni.

*

Marayan Kentucky.

Haka aka rubuta a bayan faifansa na farko. Haka masu rediyo ke kiransa. Da sunan nan ya fita daga mashayun Ohio inda ake jifan mawaƙi da kwalba, ya shiga ɗakunan da ake yin shiru idan ya ɗaga jita. Waƙar da ta fara ɗaga shi ta yaron da ke ajiye wa uba kujera a teburi ce. Maza masu gemu sun rungume shi a bayan dandali suna kuka, suna cewa su ma dutse ya cinye musu uba. Ya riƙe su ya ce, na sani, ɗan'uwa, na sani.

Ashe bai sani ba.

Ko kuwa ya sani? Kukan da ya yi yana yaro ai ba na wasa ba ne. Kujerar nan da gaske babu kowa a kanta. To maraicin nasa ƙarya ne ko gaskiya? Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, kansa ya ƙi ɗauka.

"Yana da rai?"

"Da kakar bara dai yana da shi," in ji Ozella.

"Da kaka?"

"Aikin tumatir da nake zuwa Indiana duk shekara."

"Aikin tumatir." Ya maimaita kamar wanda ke koyon sabon yare. "Na roƙe ki ki daina zuwa aikin nan. Na ce yanzu ina da hali. Kika ce kin saba."

"Ai na saba ɗin."

"Ya san ni?"

"Ya je kallonka a Ohio. Ya ce kana sakin baki da yawa idan ka ja murya sama, irin na danginsa."

Arlis ya dafe kai. Fuskoki suka yi ta wuce masa, masu hula, masu gemu, na bakin ƙofa, na kusa da dandali. Wanne ne? Ko yana cikin waɗanda suka rungume shi?

"Me ya yi?"

Delmer ya dubi ƙanwarsa. Ta gyaɗa kai.

"Ubanka shi ke tayar da nakiya a ramin," in ji Delmer. "Ka yi damina ɗaya a cikin ramin kafin uwarka ta jawo ka da kunne, ka san doka. Ba a kunna wuta sai an yi kira kowa ya fito. Ranar ya kunna. Ashe autan gidan Stidham yana lungu bai fito ba. Denzil. Ko gemu bai fara ba."

"Bai yi kiran ba?"

"Ya ce ya yi."

"Kai fa? Kana wurin?"

"Ina wurin."

"To ka ji?"

Delmer ya murza bakin hularsa.

"Wata rana in tashi da safe in rantse na ji. Wata rana in rantse ban ji ba. Injin yana ruri, ni kuma hankalina yana kan abincin rana. Da na san za a tambaye ni har in tsufa, da na kasa kunne."

"To ai tsautsayi ne!"

"Je ka gaya wa Virgil Stidham. A bakin ramin ya ɗora hannu a kan hular ƙanensa, gaban kowa, ya ce wanda ya kunna wutar nan ba zai ga wata Lahadi ba. Stidham kuwa ba sa rantsuwa don ado. Ubanka ya fito ta ramin iska, kansa a fashe, ya rarrafo gida. Su suna can suna tonon nasu. Na sa shi a bayan mota na rufe da buhuna. Kafin su fito da Denzil mun tara ƙasa, mun ce dutsen ya haɗa da Hobert, ba kyan gani, mun rufe."

"Suka yarda?"

"Suna bayan dutse, mu muna nan. Ba sa hawa maƙabartarmu, ba ma hawa tasu. Mutuwa ta biya mutuwa, magana ta kwanta."

"Mutanen da ke can maƙabarta fa? Duk sun sani?"

"Duk mai riƙe shebur ya sani. Ba wanda ya gaya wa wani. Ido ne da su."

"Ban da ni."

"Kai ma kana da ido," in ji Ozella. "Kai ka fi kowa gani ma, tunda har ka sa a waƙa. Ba ka so ka sani ne kawai."

Maganar ta shige shi, ya rasa ko zagi ne ko rarrashi.

"Shi ya sa ba a taɓa yi masa wa'azin jana'iza ba," ya ce. "Kika ce zuciyarki ba za ta ɗauka ba."

"Na yi wa Stidham ƙarya. Na yi maka. Ban kai ga sa fasto ya yi wa Ubangiji ba."

"Me ya sa da na girma ba ki gaya min ba?"

"Kai? Kai da ko kare ya mutu a gidan nan sai ka yi masa baiti? Me ka taɓa riƙewa a cikinka, Arlis? Komai ka ji sai ya fito ta jitar nan."

Ya so ya yi fushi. Ya lalubi fushin, ya rasa wanda zai miƙa wa. Matar nan ta ceci mijinta. Matar nan kuma ta tsaya tana kallo yana kafa furanni a kan tarin ƙasa shekara da shekaru. Uban ya gudu don ya rayu. Uban kuma ya tsaya cikin taro yana jin ɗansa na kukan rashinsa, bai ɗaga hannu ba. Su Stidham an kashe musu yaro, an kuma yi musu ƙarya a kan gawarsa.

Shi kuma, da bai san komai ba, shi ne ya rubuta sammacin.

"Idan Virgil ya ji baitin nan..."

"Virgil ya binne mutane fiye da gashin kanka," in ji Delmer. "Ba sai an fassara masa ba. Kuma duk kwarin nan an san inda uwarka ke zuwa da kaka. Ɗan tunani kaɗan zai yi."

Arlis ya miƙe. Gindin wandonsa ya jiƙe sharkaf.

"Zan tsayar da faifan. Ban san yadda zan yi ba. Wataƙila su kore ni, wataƙila Asabar ta wuce ni. Zan tsayar."

Ya faɗa, amma wani abu a ƙirjinsa yana ja da baya. Waƙar nan ita ce mafi kyau da ya taɓa yi. Ya san haka, ya kuma ji kunyar sanin.

*

Rex ya taro su a kan hanya, cinyar kaza a hannu, farin takalminsa ya koma ja.

"Ga tauraro! Yaro, mutanenka akwai wuyar sha'ani, na taɓa ganin jana'izar da ta fi wannan fara'a. Amma kar ka damu. Mama, kazarki ta yi, Allah."

"Rex, faifan nan ba zai fita ba."

"Wane faifai?"

"Na Baba. Ka kira kamfani gobe da safe. A cire baitin ƙarshe, ko a fasa gaba ɗaya."

Rex ya daina tauna.

"Rana ce ta buge ka?"

"Ba wasa nake ba."

"Baitin ƙarshe? Yaro, baitin nan shi zai saya wa Mama gida mai bene. Kabarin da bai lotsa ba! Ka san mawaƙa nawa ke zaune a Nashville suna cizon fensir ba su samo irinsa ba?"

"Malam," in ji Delmer, "an ce ka kira, ka kira."

"Kawu, da girmanka, kai ka san kwal, ni na san waƙa." Rex ya yi murmushi, ya goge maiƙo a hankici. "Kuma ma ai kun makara. Na so in bari sai mun sauka in ba ku albishir."

"Wane albishir?"

"Jiya da muka tsaya shan mai a gari, ka ga na tsallaka titi? Gidan rediyonku na shiga. Na ce ɗan gida ne, ranar gyaran kaburbura ce, ina ya fi dacewa a fara jin ta? Na bar musu faifan gwaji. Ɗazu na sauka mota na kunna, mai gabatarwa yana cewa tun safe waya ba ta huta ba, kowa a sake, a sake. Har daga bayan dutse ake kira!"

Ozella ta kama reshen itace.

"Me?" in ji Rex, yana duban su ɗaya bayan ɗaya. "Me na yi? Wani ya gaya min mana."

Ba wanda ya gaya masa, domin a lokacin ne suka ji ƙugin mota tana hawo tudu a giya ta ɗaya.

*

Tsohuwar akori-kura ce mai ruwan toka. Ta wuce inda kowa ke ajiye mota, ta zo har bakin shinge.

Cokula suka tsaya. Wata mata ta jawo 'ya'yanta jikinta.

Maza uku suka sauko, duk furfura. Na gaban dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, yana numfashi da ƙyar irin na wanda ƙura ta ci wa huhu. Sun sa fararen rigunan Lahadi. Kowannensu ya miƙa hannu bayan mota ya ɗauko shebur.

Dogon ya cire hula a bakin ƙofar shinge, ya ratsa tsakanin kaburbura a hankali, yana kaucewa kada ya taka na kowa.

"Ozella."

"Virgil."

"Delmer. Ka tsufa."

"Kai ma ba a bar ka a baya ba. Ga abinci can, ku zauna."

"Mun ci."

Ya tsaya a gaban dutsen da aka rubuta Hobert Honaker. Ya daɗe yana kallon tarin ƙasar da furannin takarda. Yau kowane kabari a tudun a cike yake, an gyara, an daidaita. Ido kaɗai ba zai gaya masa komai ba.

Sai ya juyo ga Arlis.

"Kai ne mawaƙin."

"Ni ne, Baba."

"Matata tana son ka. Ta ce kai ba irin na birnin nan ba ne, abin da ka gani da idonka kake rerawa. Haka ne?"

Arlis ya ji idon mahaifiyarsa a gefen fuskarsa. Ya ji na Delmer. Ya ji na duk tudun.

"Na Denzil ya lotsa tun shekarar farko," in ji Virgil. "Da hannuna na cike shi. Na sake cikewa. Uwarmu tana tsaye tana kallo har ta bi shi." Ya yi tari, ya jira numfashinsa ya dawo. "Ban zo da rigima ba, yau ranar mamata ce. Tambaya ɗaya na kawo, kuma ba uwarka zan yi wa ba, ba kawunka ba. Na riga na ji tasu tuntuni."

Ya kafa bakin shebur a gefen kabarin, ya ɗora ƙafa a kai.

"Idan ƙawa ce irin ta mawaƙa, ka dube ni ka ce ƙarya ka rera, in ɗauki shebur ɗina in koma gida. Idan kuwa gaskiya ce, ka matsa."

"Arlis," in ji Ozella, can ƙasa-ƙasa.

Bai san ko roƙonsa take ya yi magana ba, ko ya yi shiru.

"Ina jin ka, ɗan Hobert," in ji Virgil. "Ya lotsa, ko bai lotsa ba?"